Hankaka a Kan Naman Kyarkeci

Wani ɗan'uwanmu da ke karatun likitancin dabbobi a arewacin Amurka ya aiko da tambaya. Ya ce yana aikin sa-kai a wata mafaka da ake killace kyarketai waɗanda ba za a iya mayar da su daji ba, kuma duk ranar da aka kai musu nama, kafin ma'aikata su rufe ƙofa hankaki sun riga sun sauka, idan zafi ya shigo kuma sai ungulaye su biyo baya. Naman yana ƙarewa da wuri, kashin tsuntsaye yana ɓata ruwan sha, abokan aikinsa kuma sun rabu biyu, wasu na ganin a lulluɓe wurin da raga, wasu na ganin a harbe biyu ko uku a rataye don saura su tsorata. Yana son sanin yawan naman da ya kamata a ba kyarkeci, sau nawa a mako, da kuma yadda za a yi da tsuntsayen.

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da sa'ar karatu. Hausawa sun ce ungulu ba ta jewar banza, kuma a nan amsarka take. Yawan tsuntsayen da ke sauka a farfajiyarku yana gaya muku wani abu game da yadda kuke ciyarwa, wato yawan naman da kuke ajiyewa, da lokacin da kuke ajiye shi, da tsawon zaman da yake yi a fili bayan kyarketan sun ƙoshi. Idan aka gyara waɗannan ukun, tsuntsaye za su ragu da kansu ba tare da an taɓa ko gashin guda ba. Akwai kuma abin da ya fi asarar nama muhimmanci, wanda ba ka ambata a tambayarka ba, wato abin da ke cikin naman kansa, domin duk wanda ya ajiye mushe a ƙarƙashin sararin sama yana ciyar da dabbobin da ke cikin shinge ne tare da tsuntsayen da ke wajensa, kuma alhakin dukkansu yana wuyansa.

Saboda masu karatu na gida, bari in fayyace dabbar da muke magana a kanta. Kyarkecin da kakanninmu suka sani a dazukan Afirka shi ne karen dajin nan mai dabbare-dabbaren jiki da manyan kunnuwa. Wanda ke mafakarku kuwa shi ne kyarkecin ƙasashen sanyi na Turai da Asiya da Arewacin Amurka, wanda shi ne dangin karen gida mafi kusa. Babba yakan kai kilo 30 zuwa 50, wani lokaci fiye, yana da haƙora 42, kuma turamen gefen bakinsa suna aiki kamar almakashi wajen yanka fata da jijiya.

Cikin kyarkeci an halicce shi ne don cin yau da azumin gobe. A daji garke yakan yi kwanaki bai kama komai ba, domin yawancin farautarsa ba ta yin nasara, ranar da ya dace kuwa kyarkeci guda yana iya haɗiye kilo 9 ko kusa da haka a zama ɗaya, ya je ya kwanta ciki a kumbure. Wanda ke killace ba ya tafiyar kilomita goma-goma a rana, saboda haka buƙatarsa ba ta kai ta na daji ba, kuma idan aka raba abin da yake ci a mako, yakan kama tsakanin kilo ɗaya zuwa biyu a rana, gwargwadon girmansa da shekarunsa da tsananin sanyi. Mafaka da yawa ba sa ciyarwa kullum, sai su ba da babban abinci sau biyu ko uku a mako, wasu ma sau ɗaya da ɗan ƙari a tsakani. Cibiyar International Wolf Center da ke garin Ely a jihar Minnesota ta shahara da ciyarwar mako-mako da maraice, inda baƙi ke kallo ta bayan gilashi ana ba garken barewar da mota ta buge a hanya. Amma ina roƙonka kada ka mai da wannan adadi ƙa'idar da ba ta canzawa. Sikeli da ido su ne alƙalai. A riƙa auna kowane kyarkeci idan hali ya yi, a duba haƙarƙarinsa da ƙugunsa, musamman a ƙarshen bazara lokacin da ya zubar da gashin hunturu aka ga ainihin jikinsa, domin gashin sanyi yana ɓoye rama kamar yadda yake ɓoye ƙiba. A mafaka ƙiba ta fi rama yawa, kuma ita ce ke lalata gaɓoɓin tsofaffi, tun da kyarkecin da da wuya ya kai shekara goma a daji yakan haura goma sha uku a killace.

Game da irin abincin, babu abin da ya kai dabba cikakkiya da fatarta da gashinta da ƙashinta da kayan cikinta. Kuskuren da masu kyakkyawar niyya suka fi yi shi ne su ga tsoka zalla ita ce gata, su riƙa sayen jan nama mai kyau suna ba dabbar. Tsoka tana da sinadarin fosfaras mai yawa, kalsiyam kuwa ɗan kaɗan ƙwarai, kuma idan aka daɗe a kan haka jiki yakan koma cire kalsiyam daga ƙashi, har ƙashin ya yi laushi ya riƙa lanƙwashewa ko karyewa, abin da ya fi kama 'ya'yan da ke girma. Ƙashi da guringuntsi su ke cike wannan giɓi, hanta da ƙoda da zuciya suna ba da bitamin, gashi da fata kuma suna naɗe gutsattsarin ƙashi a hanji su fita lafiya. Duk ƙashin da za a bayar ɗanye ne, domin dafaffen ƙashi yana tsagewa ya zama tsinke. Idan mafakarku ba ta samun dabba cikakkiya kullum, to a haɗa da niƙaƙƙen naman da ake sarrafawa musamman don masu cin nama na gidajen zu, wanda aka riga aka daidaita sinadaransa, a ƙara da manyan ƙasusuwa don haƙori. Abu biyu kuma ka kiyaye su: ɗanyen naman alade, musamman na daji, saboda cutar Aujeszky da ke kashe dangin kare cikin 'yan kwanaki, da ɗanyen kifin salmon na gaɓar arewa maso yammacin Amurka, wanda ke ɗauke da wata tsutsa mai ƙwayar cuta da ke hallaka su.

Yadda ake ajiye naman a cikin farfajiya shi ma ilimi ne. Idan aka jefa mushe guda a tsakiyar garke, masu ƙarfi za su hau kansa, mai rauni kuma ya koma gefe yana kallo, kuma sau da yawa rabon da ake zaton hankaka ya sace rabon wannan mai raunin ne da bai samu damar kusanta ba. Saboda haka a raba naman kashi-kashi a wurare masu nisa da juna, adadin wuraren ya fi adadin kyarketan, yadda babu wanda zai iya tsare duka. Wani kuma ya tsaya ya kalla har a gama, ya rubuta wanda ya ci da wanda aka kora, domin rashin cin abinci shi ne alamar farko ta ciwo a wannan dabba, wadda ta ƙware wajen ɓoye rauninta.

Mu dawo kan hankaka, domin ya cancanci a fahimce shi kafin a yanke masa hukunci. Wanda kake gani babban baƙin hankakan arewa ne, ya fi namu mai farin ƙirji girma, nauyinsa ya kai kilo guda ko fiye, faɗin fukafukansa ya haura mita. Duk da ƙarfin bakinsa, ba ya iya huda fatar babbar dabba, sai dai ya ci ido da harshe ya tsaya. Kyarkeci ne mahaucinsa, shi ke farke masa fatar. Wannan zama ya daɗe ƙwarai, har wasu ke kiransa tsuntsun kyarkeci. Bayan an mayar da kyarketai gandun Yellowstone, 14 a shekarar 1995 da 17 a 1996 daga Kanada, masu bincike sun samu damar kallon wannan alaƙa da idonsu. A wani nazari da Daniel Stahler da Bernd Heinrich da Douglas Smith suka wallafa a 2002, sun nuna cewa a hunturu hankaki suna maƙale wa kyarketai ko da babu nama a wurin, suna isa kan abin da garke ya kashe kusan nan take, alhali mushen da mutane suka ajiye babu kyarkeci a kusa sukan daɗe ba su gano shi ba, ko su gano shi su ji tsoron sauka. Kasancewar kyarkeci a wurin ita ce ke kwantar wa hankaka hankali. Ka ga ke nan tsuntsun da ke sauka a farfajiyarku yana bin abin da ya gada ne kaka da kakanni.

Asarar kuma gaskiya ce, ba zan raina ta ba. Hankaka ba ya tsayawa ga abin da cikinsa zai ɗauka. Yana cika wata 'yar jaka da ke ƙarƙashin harshensa, ya tashi ya je ya binne a dusar ƙanƙara ko ƙarƙashin ganye, ya dawo ya sake, tun safe har yamma. A tsibirin Isle Royale da ke cikin tafkin Superior, inda ake nazarin kyarketai tun 1958, John Vucetich da Rolf Peterson da Thomas Waite sun yi lissafi a 2004 cewa kyarketai biyu kan rasa kaso mai tsoka na abin da suka kashe ga hankaki, garke mai yawa kuwa asararsa ba ta kai haka ba, saboda bakuna da yawa suna gama naman kafin tsuntsaye su kwashe. Har suka kai ga cewa wannan na daga cikin dalilan da suka sa kyarkeci ke zama a babban garke. Darasin da ke ciki ga mai mafaka a fili yake: lokaci ne ke ba hankaka rabo. Naman da aka cinye cikin awa guda ba ya barin komai, wanda ya kwana biyu a fili kuwa rabonsu ne.

Na taɓa tsayawa bayan shinge wata safiya mai tsananin sanyi ina kallon wata tsohuwar kyarkeciya a kan cinyar barewa. Ta ƙoshi tun dare, ta kwanta da haɓarta a kan ƙafafunta, naman yana gabanta tazarar taku biyu. Hankaki suka sauka nesa kaɗan, suna tsalle gefe-gefe kamar ba abin da ya dame su. Ɗaya ya zagaya ta baya ya ja mata wutsiya, ta juya da sauri ta kai masa cafka, kafin ta dawo da kanta wani ya riga ya yagi tsoka ya tashi. Sau uku suka yi mata haka. A na huɗu sai ta miƙe, ta ɗauki cinyar ta kai gindin wata bishiya, ta tona rami da ƙafafun gaba, ta tura naman ciki, ta mayar da ƙasa da hancinta har ya rufu. Abin da ya fi jan hankalina shi ne tsuntsu ɗaya da ya hau reshe ya yi shiru yana kallon duk abin da take yi, yana kuma jiran ta ba da baya. Daga ranar na daina ba wannan garke abin da ya wuce cin dare ɗaya.

To gyara na farko shi ne lokaci. Hankaka da ungulu da mikiya duk masu neman abinci da rana ne, da magariba suke komawa makwancinsu, kyarkeci kuwa da almuru da asuba ya fi kuzari. Idan kuna ciyarwa da hantsi, kun ba tsuntsaye yini guda cur. Ku mayar da ciyarwar zuwa kamar awa ɗaya kafin faɗuwar rana, yadda za a samu hasken kallon wanda ya ci da wanda bai ci ba, sannan dare ya zama na kyarketai su kaɗai. Ku riƙa sassauya ranakun da ƙofar da ake shigo da naman, domin hankaka yana gane motar abinci da ƙarar baro da fuskar mai turo shi, kuma yana riƙe wannan a ransa. Gyara na biyu shi ne yawa: a ba da abin da za a cinye kafin gari ya waye. Idan an samu babbar dabba, a datsa ta kashi uku ko huɗu a ajiye saura a firiza. Na uku shi ne siffar naman. Yankakken nama ƙanana-ƙanana shi ne abin da tsuntsu ya fi so, domin ɗauka kawai zai yi, babban yanki mai fata a jiki kuwa, ko wanda bai gama narkewa daga ƙanƙara ba, yana ba kyarkeci aikin yi kuma yana gagarar bakin tsuntsu. Idan kuna da ƙaramin ɗakin warewa mai rufi, wanda ya kamata kowace mafaka ta samu, a nan za a ciyar da tsoho da mara lafiya da wanda aka ɓoye masa magani a cikin dunƙulen nama. Kada a taɓa jefa nama mai magani a fili, domin ba ka da tabbacin bakin da zai ɗauka.

Da zafi lissafin yana canzawa. Ungulun Amurka mai jan kai tana da jin wari mai ƙarfi, tana gano mushe ko a ƙarƙashin itatuwa, mai baƙin kai kuma ba ta da wannan baiwa sosai, sai ta riƙa bin 'yar'uwarta, ta zo da yawa ta ƙwace wurin. Dukansu suna jiran rana ta ɗaga iska ta yi ɗumi kafin su fara shawagi, saboda haka idan an kwashe ragowar nama da sassafe, babu abin da zai kira su. Wannan kwashewar tana da wani amfani, domin nama mai ruɓewa a zafi yana tara ƙuda da tsutsa, kuma ƙudan nan suna cizon kunnuwan kyarkeci har su yi gyambo. Manyan ƙasusuwan da aka gwaguye tas ana iya barin su kwana biyu don wasa. Sai kuma ka zagaya bayan ɗakin yanka ka duba, domin sau da yawa abin da ke tara tsuntsaye ba ya cikin farfajiya sam: kwandon shara mara murfi, jinin da aka wanke ya kwanta a kwata, fatu da tumbi da aka jibge a buɗe.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Mafaka tana rayuwa ne da kyauta: manomi ya kawo saniya ko dokin da ya mutu, maharbi ya kawo ragowar barewa, hukumar hanya ta kira a zo a ɗauki wadda mota ta buge. Kowace gawa da ta shigo sai an tambayi yadda ta mutu da maganin da aka yi mata, kuma idan babu amsa mai gamsarwa a mayar da ita, komai ƙarancin abinci. Dabbar da likita ya kashe da allurar fentobabital guba ce daga kai har ƙafa, maganin yana zama a naman, sanyin firiza ba ya lalata shi, kuma ya kashe mikiyoyi da karnuka da namun gidajen zu ba sau ɗaya ba. Tsuntsun da ya ci yakan faɗi kusa da mushen kamar mai barci. Darma ita ce ta biyu. Harsashin darma yana tarwatsewa a jikin dabba zuwa ƙananan ɓarɓashi da ido ba ya gani, wasu su yi nisa da ramin harsashin fiye da taƙi guda, kuma ruwan cikin mikiya da ungulu mai tsananin tsami yana narkar da su su shiga jini. Wani babban bincike da aka wallafa a 2022, wanda ya duba mikiyoyi 1,210 a jihohi 38 na Amurka, ya samu kusan rabinsu da alamun gubar darma da ta daɗe a jiki, jihar Kalifoniya kuma ta hana farauta da harsashin darma baki ɗaya tun 2019, musamman saboda babbar ungulunta da ta kusa ƙarewa. Don haka naman maharba sai wanda aka harba da harsashin tagulla ko kibiya, in ba haka ba a yanke wurin raunin da faɗi, a zubar da kayan cikin, idan da hali ma a ɗauki hoton X-ray na naman a asibitin dabbobi. Kai da kake koyon aikin, wannan hoto zai nuna maka abin da ba za ka manta ba.

Na uku su ne magungunan ciwon jiki da ake yi wa shanu. Labarin Indiya ya isa wa'azi. A shekarun 1990 ungulayen ƙasar suka riƙa mutuwa har wasu jinsuna suka ragu da fiye da kashi 95 cikin ɗari, sai a 2004 aka tabbatar cewa maganin diklofenak da ya rage a mushen shanu ne ke kashe musu ƙoda, a 2006 kuma Indiya da Pakistan da Nepal suka hana amfani da shi ga dabbobi. Mu ma wannan magana ba ta yi mana nisa ba. Duk wanda ya girma kusa da mayanka a ƙasar Hausa ya san yadda ungulu ke cika rufin kwata da bishiyoyin kasuwa, yau kuwa sai ka yi wata da watanni ba ka ga guda ba, saboda guba da farautarta don sayarwa, har aka sanya ta cikin jinsunan da ke dab da ƙarewa a 2015. Wanda ya ga wannan da idonsa bai kamata ya ɗauki ungulu a matsayin abin da za a harbe don ta ci ragowar nama ba. A yankinku kuma akwai wata cuta mai rame barewa da lalata mata ƙwaƙwalwa, saboda haka ku bi dokar jiharku kan ɗaukar gawar barewa daga wani yanki zuwa wani, ku kuma guji bayar da kai da laka daga inda cutar take.

Haɗarin yana iya biyowa ta ɗaya hanyar, daga tsuntsu zuwa dabbobinku, kuma a nan damuwar abokan aikinka tana da tushe. Murar tsuntsaye nau'in H5N1 da ta bazu a Arewacin Amurka tun ƙarshen 2021 ta kashe ungulaye da mikiyoyi da hankaki masu yawa, ta kuma tsallaka zuwa masu shayarwa da ke cin su. A ƙarshen 2024 wata mafakar manyan kuliyoyin daji a jihar Washington ta rasa dabbobi 20 sanadiyyarta. Dangin kyanwa sun fi dangin kare saurin mutuwa da ita, amma an same ta a yanyawa da sauran masu cin nama, don haka sakaci bai kamata ba. Lokacin da cutar ke yankinku a dakatar da ɗanyen kaji da agwagin daji da ba a san asalinsu ba, kuma ka sani daskarewa ba ta kashe wannan ƙwaya. A zagaya farfajiya kowace safiya, duk mataccen tsuntsu a ɗauke shi da safar hannu kafin kyarkeci ya riga ku, a sanar da hukumar namun daji. Ruwan sha kuwa a janye shi daga ƙarƙashin rassan da tsuntsaye ke sauka, a yi masa 'yar rumfa, a wanke komin kullum, domin hankaka yana da ɗabi'ar jiƙa nama a ruwa kafin ya ci.

Maganar harbi ka cire ta daga lissafi. A Amurka hankaka da ungulu suna ƙarƙashin kariyar dokar tsuntsaye masu ƙaura ta 1918, wadda aka faɗaɗa ta haɗa da dangin hankaka a 1972, mikiya mai farin kai kuma tana da doka ta musamman tun 1940. Kashe su ko rataye gawarsu ba tare da izinin hukuma ba laifi ne da zai iya jawo wa mafaka tara da zubewar mutunci. Ko da doka ta bari, ba zai yi aiki ba muddin nama yana nan, domin wasu za su maye gurbin waɗanda aka kashe, ƙarar bindiga kuma za ta firgita kyarketan da ake ƙoƙarin kwantar wa hankali. Guba ta fi muni, tsuntsun da ya ci zai iya faɗowa cikin shingen ya zama abincin dabbarku. Mutum-mutumi da mujiyar roba da ƙyalle masu walƙiya sukan yi tasiri na 'yan kwanaki, daga nan hankaka ya gane babu komai, ya hau kansu ya zauna. Raga tana da amfani a kan ƙaramin wurin ciyarwa da ɗakin 'ya'ya, inda ƙanana ke buƙatar kariya daga mikiya da ungulu mai baƙin kai, sai a zaɓi mai kauri a ɗaure ta tamau don kada tsuntsu ya sarƙe. Lulluɓe fili mai faɗin eka ɗaya ko biyu da itatuwa a ciki kuwa kuɗi ne mai yawa, dusar ƙanƙara za ta danne ta ta yage, kuma kuɗin ya fi amfani a sayi babbar firiza.

A ra'ayina ma bai kamata a nemi korar tsuntsayen gaba ɗaya ba. Babbar cutar dabbar da ke killace ita ce zaman banza, wanda ke sa ta riƙa kai-komo a bakin waya har ta tona hanya da ƙafafunta. Hankaki biyar ko shida da ke tsokana, ana korarsu suna dawowa, suna sa kyarkeci tsare abincinsa da binne shi da sake tono shi, wani yanki ne na rayuwar daji da ya shigo masa kyauta. A cibiyoyin da ake renon kyarkecin Meziko don sakewa, wanda aka fara mayarwa dazukan Arizona a 1998, ana rage cuɗanya da mutane gwargwadon iko ana kuma ba da mushen namun daji, domin dabbar ta saba da abin da za ta tarar a waje, tsuntsaye kuma suna cikin abin da za ta tarar. Abin da ake gudu shi ne garken tsuntsaye hamsin ko sittin da suka mai da mafaka gidansu.

Shawarata gare ka ita ce ka nemi izinin shugaban masu kula da dabbobin ka yi gwaji na mako huɗu. A makonni biyun farko kada ku canza komai, sai dai ka auna naman da aka shigar, ka auna ragowar da aka kwashe, ka ƙirga tsuntsaye a lokaci ɗaya kowace rana, da hantsi da kuma la'asar. A makonni biyu na gaba ku mayar da ciyarwa gab da magariba, ku rage yawan zuwa cin dare ɗaya, ku raba shi wurare da yawa, ku kwashe ragowa kafin ƙarfe takwas na safe, ku rufe shara. Ka auna kyarketan a farko da ƙarshe, ka fi sa ido a kan wanda aka saba kora daga nama, sannan ka ɗauki littafin lissafin ka kai wa likitan mafakar ku duba tare kafin a sayi raga ko mita ɗaya.